Ƙyanƙyasar Baffa ta Ƙarshe

Baffa, yayan mahaifina, ya rasu a tsakiyar daminar bana a gidansa na Gwandu, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Ya haura shekara tamanin. Na Allah muke, kuma wurinsa ya riga mu komawa.

A zaman makoki na ji ana yabonsa da kalmomin da ake yabon kowane tsoho. Mai haƙuri, in ji wasu. Mai son zumunci, in ji wasu. Ni da na tashi a gidan na san Baffa ba mai haƙuri ba ne, zumuncinsa kuma yana da lokacin da yake rufe ƙofa. Idan aka bar shi da irin wannan yabo, nan da shekara biyu ba wanda zai iya bambanta shi da sauran tsofaffin unguwa da suka tafi. Shi ya sa nake rubuta abin da na gani.

Mu mata muna cikin gida tare da Inna, matarsa. Masu gaisuwa na shigowa rukuni rukuni, dattawa maza kuma su tsaya daga bakin ƙofar ɗaki su yi addu'a su juya. Limamin unguwa ya ce shekara arba'in bai taɓa rasa Baffa a sahun asuba ba, amma kuma bai taɓa ganin ya zauna hira bayan sallama ba, kullum yana sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Wani ɗan kasuwa da ke zuwa daga Kalgo sayen ƙwan zabi ya ce, "Tsohon nan bai taɓa sa mini ruɓaɓɓe cikin kwando ba. Bai kuma taɓa yi mini gyara ko da guda ba." Mata suka yi murmushi a ɓoye. Maƙwabcinsa na bayan gida, wanda zabin Baffa suka sha tone masa iri a gona, ya zo ya tsaya ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Goggo, ƙanwarsa, ita ce ta faɗi abin da kowa ke tunani. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Ku bar ɓoye ɓoye. Zabbi sunka kashe shi."

Aka ce mata ta yi istigfari, kwana ne ya ƙare. Ta yi istigfarin, amma ba ta janye maganar ba. Kowa ya san yadda aka yi. Ƙwai sun ƙyanƙyashe, 'yan tsaki ashirin da 'yan kai. Kwana kaɗan bayan haka hadari ya haɗu da hantsi, Baffa ya ɗauki sanda ya fita bayan gari ɗauko tukunyar garar da yake ciyar da su, don kada ruwa ya cika ta. Ruwan ya kama shi a hanya. Ya dawo jiƙe sharkaf da tukunyar a ƙarƙashin riga. Sanyi ya sauka masa a ƙirji. An kai shi asibiti, ya kwana biyu ya ce a mai da shi gida, kuma abin da ya fara tambaya da aka shigo da shi zaure shi ne ko an sake kazar kafin raɓa ta bushe.

Kazar nan ita ce uwar riƙon 'yan tsakin. Zabuwa ba ta iya reno ba. Idan ta ƙyanƙyashe da kanta, sai ta ja 'ya'yan cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa tun da sassafe, ta yi ta tafiya ba waiwaye, kafin la'asar rabi sun mutu a hanya. Don haka masu kiwo kan sa ƙwan zabi a ƙarƙashin kaza mai kwanci. Baffa ya ƙara nasa tsari a kan wannan: yakan ɗaure kazar da doguwar igiya a wani turke gindin rumbu, inda ƙasa ke bushe, don kada ita ma ta yi nisa da su. Duk kwanakin jinyarsa Inna ce ke ɗaure ta, yana ba da umarni daga kan gado.

Washegarin rasuwar, Inna ta tashi ta ɗaure kazar a turkenta kamar kullum, ta koma ɗaki. Gida ya cika da mutane. 'Yan tsakin suka tsorata da ƙafafu, suka shige can ƙarƙashin rumbu inda ba mai ganinsu. Da hantsi dangi suka iso daga Maruda da Kambaza da gudummawarsu: gero, itace, da kaji biyu ɗaurarru. Suka ajiye kajin a inuwar rumbu. Masu girki suna neman abin da za a sa a miyar baƙi, aka ce ga kaji can an kawo. A gidan makoki, kaza ɗaurarriya kazar yanka ce. Wanda aka aika ya tarar da uku, ya yanka uku.

Sai bayan azahar, da gida ya ɗan lafa, muka ji kukan 'yan tsaki daga ƙarƙashin rumbu, siriri, ba tsayawa. Inna ta fito ta tsaya. Igiyar na nan a turke, an yanke ta da wuƙa.

"Wa yac ce a yanka ta?" in ji ta.

Gaskiyar ita ce babu wanda ya ce a yanka ta. Matar babban ɗanta ta fara rantsuwa tana kuka. Inna ta ɗaga mata hannu ta ce ya isa. Ta durƙusa, mace mai shekara saba'in da wani abu, ranar farko ta takabarta, ta zura hannu ƙarƙashin rumbu tana zaro su ɗaya bayan ɗaya tana zubawa cikin zaninta. Ba ta ci abincin ranar ba.

Daga wannan rana abin da ke gabanta ɗaya ne: 'yan tsakin nan su rayu. Su ne aikin hannunsa na ƙarshe, kuma irinsu ba na kasuwa ba ne. Zabi ne masu farin ƙirji, waɗanda Baffa ya taho da kakanninsu daga gidan mahaifinsa a Maruda shekarar da ya yi aure. Tun daga lokacin bai taɓa sayen zabuwa ba.

Abin mamakin shi ne Inna ta shafe shekara hamsin tana faɗa da zabin nan.

Kajin gidan nata ne. Da kuɗin dakau da na ƙuli ta tara su. Duk damina, da zarar wata kazarta ta fara kwanci, Baffa zai zo ya tsaya a bakin akurki yana gyaran murya.

"Wagga baƙar ta kwanta, ko?"

"Ta kwanta bisa ƙwanta, Malam. Nata na kanta."

"Aro za ki ba ni."

"Aron bara ina yat tsaya?"

Haka za su yi ta yi. Daga ƙarshe ya kwashe ƙwan kazar ya zuba na zabi. Ƙwan zabi mako huɗu yake yi, na kaza uku, don haka bayan mako guda sai ya dawo da biyu daga cikin na kazar ya cusa mata, domin su fashe rana ɗaya. Ya ce 'yan kajin nan biyu su ne malaman sauran: su ke nuna musu yadda ake tsattsaga abinci, su ke koya musu dawowa gida. Inna takan ce, cikin ƙwai goma sha biyu an mai da mata biyu, kuma wai har da aikin koyarwa. Ladanta zabo biyu ne idan kaka ta yi. Takan karɓa ta sayar a ranar, ta ce ba ta son ganinsu.

Na fi tuna shi da hantsi, a tsaye bayan danga, yana kallon inda zabuwa za ta ɓace. Zabi ba sa yin ƙwai a gida. Sukan nemi duhun sabara ko gindin geza a bayan gari, uku ko huɗu su haɗa sheƙa guda. Baffa ba ya bin su kai tsaye. Zai yi kamar yana duba gona, ya karkata nan, ya tsinki ganye can, har ya gano wurin. Ba ya taɓa ƙwan da hannu. Yana da wani dogon ludayi da ya ɗaura wa kara, da shi yake ɗebowa, ya bar biyu ko uku waɗanda ya shafa wa gawayi don ya gane su gobe. Ya yi imani cewa idan zabuwa ta ji warin hannun mutum, ta bar sheƙar ke nan. Na taɓa jin wani jami'in dabbobi ya ce masa ba wari take ji ba, ganin an kwashe duka ne ke korarta. Baffa ya saurare shi har ƙarshe, ya ce to, ya ci gaba da ludayinsa.

Ruwan shansu a kasko yake zuba shi, ya cika kaskon da tsakuwa, domin ɗan tsakon zabo yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Yakan jiƙa ɓawon maɗaci a ciki. Gara kuwa da dabara yake kamo ta: tsohuwar tukunya, ya cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, ya yayyafa ruwa, ya kife a kan hanyar gara kusa da suri. Washegari ta cika. Kashin shanun daga rugar wani abokinsa Bafulatani yake samowa, mutumin da suka yi shekaru suna zagin juna cikin wasa, wannan ya ce wa wancan bawan tsuntsu, wancan ya ce wa wannan bawan saniya. Idan ya kawo garar gida, sai ya zauna ya tsince manyan masu jan kai da ƙaya, domin sukan ciji maƙogwaron ɗan tsako daga ciki. Idonsa ya raunana a shekarun baya, amma bai bari wani ya yi masa wannan tsintar ba.

Ba ya ƙirga 'yan tsaki a gaban mutane. Idan aka ce, "Baffa, bana ka samu da yawa," sai ya ce, "Ban samu komi ba tukuna. Ku tambaye ni in an yanke gero." Ya binne da yawa. Akwai shekarar da zawo ya shiga cikinsu, yana fitar da gawa cikin ƙwarya kowace safiya har akurki ya zama wayam. A shekarar ne Yaya, babban ɗansa, ya kawo masa maganin dabbobi daga Kalgo, ya ƙi karɓa, ya ce ubansa bai yi kiwo da kwalba ba. Yaya ne mai gaskiya. Daminar da ta biyo baya Inna ta ga kwalbar a rataye cikin rumbu, an sha rabi. Baffa bai taɓa ambatar ta ba, Yaya ma bai taɓa tambaya ba.

Tsakaninsu akwai abin da ya fi kwalba nauyi. Lokacin da aka yi wa Yaya haihuwar fari a Kalgo, aka sa wa yaron sunan Baffa, ranar sunan ta faɗo daidai da ranar da ƙwai suka fara tsagewa. An aiko mota. Inna ta shirya, Goggo ta shirya. Baffa ya fito da tsohuwar rigarsa ta gida ya ce su tafi, zai biyo su. Bai biyo su ba. Mutane suka yi ta tambayar ina kakan yaro, Yaya yana ƙirƙiro uzuri. Bayan kwana biyu Baffa ya je da kwandon ƙwai ya ajiye wa mai jego, ya ɗauki jaririn ya yi masa addu'a, ya ce, "Wanga yana da uwa da uba da kakanni. Waɗancan kaza ɗai gare su, ita ma aro ta." Yaron yanzu ya shiga jami'a, amma ban taɓa ganin Yaya ya tsaya ya kalli zabin gidan ba, ko sau ɗaya.

Alherinsa ma da kaifi yake zuwa. A cikin masu gaisuwa akwai wata mata daga ƙarshen unguwa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar. Ta ba mu labari cewa ana gama takabarta Baffa ya aiko mata da ƙwai cike da ƙwarya, ya ce ta sa wa kazarta. Ta yi godiya, tana tsammanin an gama. Ashe an fara ne. Kullum da safe sai ta ji sallamarsa daga waje. "An sa tsakuwa cikin kasko? Wa yas sake su cikin raɓa? Ke, kiwo kike ko kisa?" Ta ce akwai ranar da ta yi kuka saboda faɗansa, ta yi niyyar mai da masa abinsa. Da zabin nan ta yi wa 'ya'yanta kayan makaranta shekara da shekaru. Ta ce, "Har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini sannu ba. Amma babu wanda yat taimake ni kamar shi." Nata zabin annoba ta share su shekaru uku da suka wuce, ba ta sake farawa ba.

Wannan shi ne mutumin da ya bar wa Inna 'yan tsaki marasa uwa a tsakiyar damina.

Ta fara gwada wata kazarta mai 'ya'ya. Ta cusa mata su da yamma. Kazar ta gane ba nata ba ne, ta fasa wa biyu kai kafin a ƙwace sauran. Daga nan Inna ta shigar da su ɗakinta. Ta shimfiɗa tsumma cikin babban masaki, ta ajiye kaskon garwashi a gefe. Idan garwashin ya yi ƙarfi sai su buɗe baki suna haki. Idan ya mutu sai su taru a kusurwa guda, na sama su danne na ƙasa. Wata safiya na shiga gaishe ta na tarar ta jera huɗu a bakin ƙofa, ƙafafunsu a miƙe. Ranar sadakar uku wata baƙuwa mai kyakkyawar niyya ta ga kaskonsu ya bushe, ta zuba musu ruwa a kwanon sha. Aka tsamo biyu.

Gara ta yanke. Mai takaba ba ta fita bayan gari, kuma cikinmu babu wanda ya san inda Baffa ke kife tukwanensa. Abokinsa na ruga ya zo gaisuwa, ya ji halin da ake ciki, ya dawo da tukunya guda cike. Ya ajiye a zaure ya ce a gaya wa matar bawan tsuntsu wannan ce ta ƙarshe, shanunsu za su tashi zuwa tudu saboda gonaki. Inna ta zauna ta tsince masu jan kai da ƙaya, kamar yadda ta ga ana yi shekara hamsin tana tsaki.

Bayan sadakar bakwai kowa ya watse. Ni ma na koma Kalgo wurin aikina, ina zuwa ƙarshen mako. A zuwana na biyu Yaya ya tare ni a ƙofar gidansa ya sa mini ƙaramin buhun abincin 'yan tsaki da kwalbar magani a mota. Na ce me zan ce mata. Ya ce, "Kada ki ce komai." Na kai. Inna ta dubi buhun ta dubi kwalbar. Yaya ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye tun yana yaro. Ta ce, "A ce mishi an gani."

Maganin ya tsai da zawo, amma bai hana sauran abubuwa ba. Ranar da ta fara fito da su shan rana, shirwa ta sauko a gabanta ta ɗauki ɗaya. Gafiya ta haƙo ta ƙarƙashin bango. 'Yan kajin nan biyu, malaman, ɗaya ya mutu, ɗayan ya girma ya bi sauran kaji ya rabu da su. Kowane zuwa nakan tarar sun ragu, ba na kuma tambaya. Ta rame. Goggo ta yi mata faɗa, ta ce takaba ibada ce, ba a ce ki bi shi ba. Inna ta ce, "Ina yin ibadata. Waɗanga ma ba su hana ni salla ba."

Manyan zabin kuma suna can suna lalacewa. Muryar Baffa suka sani. Kullum da la'asar yakan tsaya tsakar gida ya watsa gero yana wani kira da harshe, su sauko daga ko'ina. Da kiran ya ɗauke, suka fara kwana a waje. Wasu suka bi garken wasu mutane, wasu aka kama su da tarko a gonaki. 'Ya'yan Baffa suka zauna suka ga cewa idan aka jira rabon gado, babu abin da za a raba. Suka yanke shawarar a tara waɗanda suka rage a sayar. Ina wurin lokacin da ƙanen Yaya ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya ce, "Inna, ko a bar miki zabuwa ɗaya ko biyu?"

Na ga bakinta ya motsa. 'Ya'yanta duka suna tsaye, waɗanda suka tashi suna jin tana cewa ranar da aka rabu da tsuntsayen nan za ta yi sadaka. Ta gyara mayafi ta ce, "Ni mi za ni yi da su? Ku kai."

Aka yaudare su da hatsi zuwa cikin ɗaki aka rufe. Ranar kasuwa aka kai su. Da na ce mata don me ba ta karɓa ba, sai ta nuna masakin da haɓa ta ce akwai mata cikin waɗannan, ba za a rasa ba.

Lokacin da aka fara yankan gero, uku suka rage. Sun yi fiffike, farin ƙirjin ya fito sarai, ƙahon kansu ya fara tsiro. Sun wuce haɗari. Suna bin Inna duk inda ta sa ƙafa, har bakin banɗaki. An riga an shirya cewa idan ta fita takaba za ta koma Kalgo gidan Yaya, a rufe na Gwandu. Gidan Yaya siminti ne daga ƙofa har ƙofa. Duk da haka ya aiko a gaya mata cewa akwai fili a bayan katanga, zai sa a kewaye shi da waya, ta zo da mace da namiji. Ban san abin da wannan saƙon ya ci masa ba. Na san dai shi ya kira mai walda da kansa.

Ranar fitar takaba na je da wuri. An yi mata wanka da kitso, ta sa sabon zane, maƙwabta sun shigo sun yi addu'a. An ɗaure kayanta. Yaya yana zaure da mota a waje. Na same ta zaune a kan turmi a tsakar gida, zabin uku suna kiwo kusa da ƙafarta.

Ta ce in zauna in saurara.

A ido, zabo da zabuwa kusan ɗaya suke a wannan girma. A kuka ake rarrabe su. Mace tana da kira mai gaɓa biyu da take maimaitawa, namiji ba ya iya yin sa, nasa gaɓa ɗaya ce mai kaifi. Mace takan fara tun tana wata biyu. Waɗannan sun haura wata huɗu. Inna ta ce tun kafin a yanke gero take kasa kunne kowace safiya, ba ta gaya wa kowa ba.

Muka zauna. Wani kare ya wuce ta bayan danga, duka ukun suka miƙe wuya suka ɗauki ƙara. Na saurara iyakar iyawata. Gaɓa ɗaya, gaɓa ɗaya, gaɓa ɗaya.

"Kin ji," in ji ta. "Dut maza na."

Na ce ai ana iya sayo mace a kasuwar Kalgo, a haɗa su.

"Ɗiyata, mutumin ga bai taɓa sayen zabuwa ba. Ba ni za ni fara mishi ba bayan ransa." Ta dubi wurin da manyan zabin ke kiwo a da. "An tambaye ni. Da bakina nic ce a kai su."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗebo gero a tafin hannu, suka zo suka ci a hannunta. Ta kama su ɗaya bayan ɗaya, ta shafa farin ƙirjin, ta ɗaure musu ƙafa da tsumma, ta jera su gindin rumbu. Ta lissafa gidajen da za a kai: na liman, na matar ƙarshen unguwa, na maƙwabcin bayan gida. Sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarinsa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kaifin harshensa, ya saka masa da abin da ya ciyar da masu rai ƙanana da manya. Ya ba Inna ƙarfin zama a gidan da ba nata ba.

Yaya ya leƙo daga zaure ya ce rana na yi, ina zabin da za a sa a mota. Inna ba ta dube shi ba. Ni ta kalla.

"A ce mishi shi kawo wuƙa," in ji ta. "Wanga karo ni nic ce a yanka."